Taƙaitawa: Bayan an ci mu, sai me?

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan ƙungiyoyin ƙwallo na ɗaliban Jami'ar André Salifou da sauran makarantun Damagaram.

1. Kusan kowa ya yarda: kada a zauna bitar wasa ranar da aka sha kashi. Zuciya na tafasa, sai a bari gobe.

2. A daina ɗora wa mai tsaron gida laifi shi kaɗai, ƙwallo ta wuce mutum 10 kafin ta iso shi.

3. Zagin alƙalin wasa ba ya sauya sakamako.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce mai horarwa ya yi wa yaron da ya yi kuskure faɗa a gaban kowa don a ji kunya a gyara. Wasu suka ce ya ja yaron gefe, domin wanda aka tozarta a bainar jama'a yakan daina zuwa atisaye gaba ɗaya. Ni dai ina tare da na biyun.

5. Wanda ya ji rauni, a riƙa leƙa shi har ya warke.

Batun rage atisaye lokacin jarrabawa kuwa, ba a kai ga matsaya ba.