Taƙaitawa: Cefane a Manyan Kantunan Legas

Ga abin da 'yan'uwa suka tattauna kan inda ya fi dacewa a yi cefane a Legas, manyan kantuna ko kasuwa, a taƙaice.

1. Mafi yawa sun ce daɗin manyan kantuna irin su Spar da Justrite shi ne farashi yana rubuce a jikin kaya, babu ciniki, ga sanyi bayan an sha cunkoson titi.

2. Kan tumatir, attaruhu da albasa kuwa, baki ya zo ɗaya: kasuwar Mile 12, inda motocin Arewa suke sauke kaya, ta fi araha, musamman idan maƙwabta suka haɗa kuɗi suka raba kwando.

3. An rabu a kan nama. Wasu sun gamsu da na firji, wasu kuma, har da ni, hankalinsu bai kwanta ba sai da yankan mahautan Agege.

4. A duba ranar lalacewar madara.