An rubuta min hoton mara, don Allah ya ake yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ɓoye sunana don Allah. Wata huɗu ke nan al'adata ta rikice, sai na yi kwana 10 jini na zuba har da guda-guda, ga ciwon mara. Shekarata biyu da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na je asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wadan Kaduna, likita ta ce na yi sikanin ranar Talata. Wata maƙwabciyata ta ce wai ƙarfe ake cusa wa mutum, tun jiya ban runtsa ba. Waɗanda suka taɓa yi, me zan tarar?

Maman Hanif: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, maƙwabciyar nan ta ƙara gishiri. Wahalar guda ce, riƙe fitsari. Za su ce ki sha ruwa kamar lita 1, wato ledar fiya wata biyu, awa ɗaya kafin a kira ki, kuma kada ki zaga. Ni na yi wauta, tun daga gida a Kawo na shanye, na hau keke, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Ki tafi da ruwanki, ki sha a can kina bin layi.

Anti Nas: Bari na fayyace miki, 'yata. Iri biyu ne. Na farko ta saman mara: ki kwanta rigingine, a shafa miki wani mai mai sanyi kamar jel, a riƙa goga kan na'urar ana ɗan dannawa. Cikar mafitsara ita ke ture hanji gefe, mahaifa ta fito sarai. Na biyu ta gaba ake yi, shi maƙwabciyarki ta ji labari. Ba ƙarfe ba ne, siririn abu ne mai santsi, ana sa masa sabuwar roba da mai, kuma sai kin yi fitsari tukuna. Ya fi nuna kaurin bangon mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Ba a yi sai da yardarki, budurwa ma galibi ba a yi mata. Duka sauti suke amfani da shi, ba irin hasken hoton ƙashi ba, ko da ciki ba ya cutarwa. Minti 15 zuwa 30 an gama. Irin bayaninki, ƙari a mahaifa ko ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai za su fara dubawa. Amma ba ya nuna toshewar bututun ƙwai, wannan gwajinsa daban, ana ce masa HSG.

'Yar Rigasa: Ki sa riga da zani, ban da doguwar riga. Zanin kawai za ki ɗan sassauta ƙasa. Ni abaya na sa, sai da na tattare ta har ƙirji, kunya kamar na nutse.

Hajiya Babba: Idan namiji kika tarar, ki ce mace kike so, ko a kira nas ta tsaya kusa da ke. Ba wanda zai ce kin yi laifi. Allah Ya ba ki lafiya, Ya kawo rabo mai albarka.

Mai tambaya: Amin Hajiya, na gode ƙwarai. Anti, in jinin bai ɗauke ba kafin Talata fa?

Anti Nas: Ki je abinki, ana yi ko ana jini, ki dai gaya musu. Ki riƙe ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, za su tambaya. Takardar sakamakon kuma likitarki za ki mayar wa, kada ki ɗauko hotonta ki turo mana nan mu yi miki fassara.