Na ƙara wa kwamfutata ram amma ba ta ganin rabinsa: yaya ake komawa bit 64?

Baban Zainab ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana kafin in taɓa abin da ban iya ba.

Kwamfutar da muke amfani da ita a gida HP EliteBook 8460p ce, 'yar tokumbo, furosesarta Core i5-2520M. Da Windows 10 na saye ta, kuma ram ɗinta giga 4 ne. Ni malamin makaranta ne, a kanta nake buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, yarana kuma da ita suke gwajin jarrabawar JAMB. Da ta fara nauyi sai na sayi wani ram mai giga 4 aka ƙara, ya zama 8. To amma idan na duba, sai ta rubuta mini cewa akwai 8, wanda take iya amfani da shi kuwa uku ne da 'yan kai. Na koma wajen wanda ya sayar mini, ya rantse ram ɗinsa lafiya lau yake, wai Windows ɗina ne bit 32, sai an mayar da shi bit 64.

Shin gaskiya ya faɗa? Idan gaskiya ne, akwai hanyar da zan bi in canza ba tare da an yi mata fomatin ba? Abin da ya fi damuna takarduna ne, akwai aikin shekaru a ciki, mafi yawansu da Hausa. Sannan ina da wata tsohuwar firinta da ba ta taɓa ba ni matsala ba, ba na son in wayi gari ta daina aiki. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Mai Gyara na Sabon Gari ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Mai ram bai cuce ka ba, gaskiya ya gaya maka.

Kowane ɗigo na ram yana da lambar da kwamfuta ke kiransa da ita, kamar yadda kowane gida ke da lamba a unguwa. Tsarin bit 32 lambobinsa suna ƙarewa a 4,294,967,296, wato giga 4 cif. Duk gidan da aka gina bayan wannan lambar, mai rabon wasiƙa bai san da shi ba. A cikin huɗun ma ana yanke wani ɓangare a ba katin hoto da sauran na'urori, shi ya sa kake ganin uku da 'yan kai. Ko ram mai giga 16 ka saka, haka za ta ci gaba da nuna maka.

Furosesarka tana ɗaukar bit 64, babu tantama. Kamfanin AMD ne ya fito da wannan tsarin a 2003, Intel ya bi sahu a 2004, taka kuwa ta 2011 ce. Waɗanda ke da matsala su ne irin Core Duo na farko da ƙananan kwamfutocin nan masu Atom N270. Don ka gani da idonka, shiga Settings, sai System, sai About, ka duba layin System type. Idan ka ga "32-bit operating system, x64-based processor", to hanya a buɗe take.

Amma batun canzawa ba tare da sake saka Windows ba, wannan babu shi. Microsoft bai tanadi hanyar hawa daga 32 zuwa 64 kai tsaye ba. Idan ma ka buɗe fayil ɗin sakawa na 64 daga cikin Windows ɗinka na yanzu, ƙin tashi zai yi. Dole a tayar da kwamfutar daga filash a saka sabo fil, duk manhajojinka kuma sai ka sake saka su ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan aikin, kuma da ni ne kai shi zan yi: kada ka taɓa had-dis ɗin da ke ciki. Ka sayi SSD, wato sabuwar irin ma'ajiya da ke maye gurbin had-dis, mai inci biyu da rabi, ko da mai giga 256 ne, a cire tsohon a ajiye gefe, a saka sabon Windows a kan SSD ɗin. Murfin ƙasan irin kwamfutarka zare shi ake yi, aikin ba shi da wuya. Tsohon kuma ka saya masa ɗan akwatin nan mai wayar USB, ka riƙa jona shi kana kwashe abin da kake so a tsanake. In wani abu ya ƙi aiki, firinta ce ko wata manhaja, ka mayar da tsohon ka kunna, komai na nan yadda ka bar shi. Na sha ganin mutum ya ce ya kwashe komai a filash, sai bayan an goge ya tuna da babban fayil guda da ya ajiye a wani lungu, ya zauna a shagona ya yi tagumi. Kuma maganar gaskiya, saurin da SSD zai ba ka ya fi wanda ƙarin ram ɗin zai ba ka.

Wajen haɗa filash ɗin, ka sauke Media Creation Tool, manhajar da ke ɗora Windows a filash, daga shafin Microsoft, ka tanadi filash mai giga 8 wanda babu komai a ciki, don goge shi za a yi. Akwai tarko a nan da ke kama mutane da yawa. Idan a kan kwamfutar taka za ka haɗa, manhajar za ta zaɓar maka bit 32 da kanta, tunda shi ta gani. Sai ka cire alamar da ke gaban "Use the recommended options for this PC", ka zaɓi 64-bit da hannunka. In ba haka ba, za ka sha wahalar banza ka dawo inda ka tashi. Bayan nan ka kunna kwamfutar kana danna F9, ka zaɓi filash. Idan ta nemi lambar lasisi ka danna "I don't have a product key", amma ka tabbata irin wanda kake da shi ka zaɓa, in Pro ne Pro, in Home ne Home. Lasisin na kwamfutar ne, bai damu da 32 ko 64 ba, da zarar ta hau intanet zai dawo. Sharaɗin shi ne ya zama na gaske ne tun asali. Ka leƙa Activation a ƙarƙashin Update & Security tun yanzu, ka ga ko ya ce akwai "digital license".

Manhajojinka na bit 32 kusan duka za su yi aiki a kan 64, Windows na da gurbinsu. Biyu ne ba sa tsallakewa: manhajojin da suka tsufa sosai na zamanin bit 16, da kuma direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da na'ura irin firinta. Direban bit 32 ba ya hawa Windows mai bit 64 ko kusa. Don haka firintarka ita ce abin dubawa na farko. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka nemi lambarta, ka ga ko akwai direban 64. Ko na Windows 7 mai bit 64 ne ka sauke, sau da yawa yana kamawa.

Maman Abba ta rubuta:

Malam barka da ƙoƙari. Tunda ka ce takardunka da Hausa suke, bari in ja hankalinka kan abu guda da masu gyara ba su cika tunawa da shi ba. Idan ka taɓa amfani da tsofaffin haruffan Hausa ɗin nan da ake sakawa daban don a samu ƙ da ɗ da ɓ, ka sani ba a cikin takardar suke zaune ba, a cikin Windows suke. Da an saka sabo, ka buɗe takardar, sai ka ga duk inda ƙ take wata alama ce ta fito a wurin. Mu da muke buga littattafan Islamiyya mun ga wannan. Ka shiga C, sai Windows, sai Fonts, ka kwafe su tun kafin a fara komai, don a saka su a sabon Windows ɗin. Sabbin takardu kuma ka daina dogaro da su, Windows na da allon rubutu na Hausa a cikin zaɓin harsuna, wanda haruffansa ke fitowa daidai a kowace kwamfuta da waya.

Kuma ka nemo lambar lasisin Office ɗinka, da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka. Sannan a yi aikin batir a cike, kada wuta ta ɗauke ana tsaka da sakawa.

Ɗan Jami'a ya rubuta:

Baba, da izinin manya, ni ina da ja a kan wani ɓangare. Duk abin da Oga Mai Gyara ya faɗa daidai ne, amma wane Windows za a sha wannan wahalar a kansa? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. An fito da shirin ƙarin wa'adi na sabuntawar tsaro ga masu amfani a gida, shi ma Oktoban 2026 aka sanar a matsayin ƙarshensa. Windows 11 kuwa, wanda bit 64 ne zalla, yana neman TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Taku zubi na biyu ce, ba ta cikin lissafi. Akwai dabarun tilasta shi, amma ba zan ba ku shawarar ɗora aikin makaranta a kan dabara ba.

Tunda dai an ce a sayi SSD a fara daga farko, me zai hana ku gwada Linux Mint, wani tsarin da ake sakawa a madadin Windows? Kyauta ne, ba ruwanku da lasisi, kuma fasalinsa ya yi kama da Windows sosai. A kan ram mai giga 8 zai yi gudu yadda ya kamata. LibreOffice na zuwa a cikinsa, yana buɗe takardun Word da Excel. Abin da ya fi burge ni shi ne za ku iya tayar da shi daga filash ku gwada komai ba tare da an saka shi ba, har firintar ku jona ku gani. Tsofaffin firintoci da dama da aka daina yi wa direban Windows suna bugawa a Linux ba tare da an saka komai ba.

Zama a bit 32 dai ba mafita ba ne ko ta wane ɓangare. Mint ya bar shi tun fitowar Mint 20 a 2020, sauran nau'o'in Linux ma haka, Ubuntu ya daina fitar da faifan sakawarsa na bit 32 tun 2017, Debian ma da ya fi kowa haƙuri ya janye a Debian 13 a 2025.

Baban Zainab ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba, kuma ta rubuta x64-based processor kamar yadda Mai Gyara ya ce, lasisin ma na gaske ne, Pro. Maman Abba, wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, tsofaffin tambayoyina duk da irin waɗannan haruffan aka buga su, na kwafe su a daren jiya.

Ɗana na jami'a, maganarka ta shiga kunnena, sai dai manhajar gwajin JAMB da yara ke amfani da ita ta Windows ce, kuma takardar sakamakon da makaranta ke ba mu ta Excel ce mai lissafi a ciki, ina tsoron ta hargitse. Ita kuma firinta, na duba shafin kamfanin, direban da na gani na bit 32 ne kawai. To yanzu ina mafita?

Mai Gyara na Sabon Gari ya rubuta:

Malam, kada wannan ya tayar maka da hankali, dama saboda irin haka na ce a bar tsohon had-dis yadda yake.

Ka saka Windows 10 Pro mai bit 64 a kan SSD ɗin. Da ya gama, ka haɗa shi da intanet, ka jona firintar ka kunna ta, ka bar Windows Update ya nema da kansa. Idan bai samo ba, ka shiga wajen ƙara firinta, ka zaɓi ƙarawa da hannu, za ka ga maɓallin Windows Update a ƙasan jerin sunayen. Ka danna ka yi haƙuri, yakan ɗauki lokaci, amma jerin da yake saukowa da shi ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba, kuma akwai tsofaffi da yawa a ciki. Wasu kamfanonin ma suna da direba guda da ke ɗaukar firintocinsu masu yawa, ka duba ko naka na da shi.

Idan duk ta ƙi, nan ne shawarar ɗanka za ta yi rana. Ka haɗa filash na biyu da Linux Mint, ka gwada firintar a can. In ta buga, sai a yanka wa Mint giga 40 a gefen SSD ɗin, duk lokacin da ka kunna kwamfutar ta tambaye ka wanne za ka shiga. Ka yi aikinka a Windows, ka mayar da takardar PDF don kada tsarinta ko haruffanta su motsa, ka shiga Mint ka buga. Windows ake fara sakawa, Mint ya biyo baya, kada a juya.

Ɗan Jami'a ya yi gaskiya kan batun tsaro, ban musa masa ba. Muddin Windows 10 ne a kai, harkar banki da duk wani abu mai kalmar sirri ka riƙa yin su a Mint ko a waya, ka bar wa Windows jarrabawar yara da takardar sakamako. Kuma kafin ka cire tsohon had-dis, ka sauke direban Wi-Fi na bit 64 na wannan kwamfutar ka ajiye a filash, don in sabon Windows bai gane katin ba kada ka rasa hanyar shiga intanet. Ka turo mana lambar firintar a nan in duba maka.