Neman shawara: likita ya nuna wa ’yata hotuna maimakon ya cike mata haƙori

Assalamu alaikum ’yan uwa. A Jidda nake zaune. ’Yata shekararta 6, haƙorinta na can baya ya yi kogo, in ta sha sanyi sai kuka. Mun je wani asibitin haƙori, likitan ya miƙa mata takarda mai fuskoki biyar, daga mai fara'a zuwa mai ɓacin rai, ya ce ta nuna yadda take ji. Ta nuna ta ƙarshe. Sai kawai ya leƙa bakin da madubi, ya ce mu dawo mako mai zuwa. Babanta ya ce dabarar karɓar riyal sau biyu ce. In koma ne, ko in canza asibiti?

Wata Hajiya daga Makka:
Wa alaikumus salam. ’Yar nan, mu a zamaninmu riƙe yaro ake yi a gama, ya yi kukansa ya huce. Allah ya ba jikata lafiya.

Wata ma'aikaciyar asibitin haƙori:
Hajiya, a gafarce ni, waɗanda aka danne suna yara su ne manyan da muke gani ba sa zuwa sai kumatu ya kumbura. ’Yar uwa, ba dabara ba ce. Takardar nan ma'aunin tsoro ce da masu bincike a Ingila suka fitar a 2002, saboda ƙaramin yaro ba ya iya bayyana fargabarsa da baki, amma zai iya nunawa da yatsa. Maki 1 zuwa 5 ne, ’yarki ta ba da 5. Sai dai tsoron wannan lokacin kaɗai yake aunawa, shi ya sa a kan sake nunawa a zuwa na gaba, a ga ko ya sauka.

Akwai wani mai tambayoyi 15: allura, ƙarar injin huda haƙori, shaƙewa, har ganin masu fararen kaya. Jimillar daga 15 zuwa 75 ce, yawanci 38 zuwa sama ake ɗauka tsoro mai yawa. Akwai shi da Larabci. Amfaninsa, ya kan nuna ainihin abin da yaro ke gudu, don wani allurar ba ta dame shi ba, ƙarar ce. Ki tambaya ko suna da shi.

Abin da likitan ya yi shi ne matakin farko: a faɗa wa yaro, a nuna masa, sannan a yi. In tsoron ya ƙi sauka, akwai iskar da ake shaƙa ta hanci mai kwantar da hankali.

Wani uba daga Madina:
Ni nawa ɗaya ne, a daina yi wa yara barazana da allura in sun yi ƙiriniya. Kuma Malama, in ana nuna mata fuskokin ki yi shiru, kada ki ce “ai ba ta tsoro”. Idon uwa suke kallo kafin su zaɓa.

Ma'aikaciyar ta ƙara da cewa:
Ki tambayi likitan wane haƙori ne. A wajen shekara 6 ake fitar da turmin farko na dindindin a bayan na yarinta, shi ba a famfararsa, iyaye da yawa ba sa lura. Jiran mako guda ba komai in zafin na sanyi ne kawai. Amma in kika ga kumburi, zazzaɓi, ko ciwon ya hana ta barci, ku koma a ranar.