Ruwa ya kwanta min a kan leda da soson daɓe kafin a zuba kankare, in cire ko in ci gaba?

Mai Ginin Farko:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu harkar gini ku ba ni shawara. Ina ɗan gini ne a Jos, ɗaki uku da falo, an kai linta amma ba a ɗora kwano ba saboda kuɗin katako ya tsaya min. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Jos ya san yadda tayil ke zama da asuba, kamar ka taka ƙanƙara, kuma Hajiyarmu ce za ta zauna a gidan ga ta da ciwon ƙafa, shi ya sa na ce a sa min farin soson nan irin wanda ake gani a kwalin firij amma na gini, mai kaurin inci 2, a ƙarƙashin daɓe. To ranar Laraba aka shimfiɗa leda aka jera soson a kan cewa Alhamis da sassafe za a ɗora waya a yi kastin, wato a zuba kankare, cikin dare sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya har asuba. Da na je na tarar falon ya zama tafki, sosunan suna ta yawo a kan ruwa kamar kwale-kwale. Birkilana ya ce a kwashe ruwan da bokiti kawai a zuba kankare, wai ai siminti da ruwa yake aiki. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh. Soson ya tashi aiki kenan? Ga siminti buhu 40 a ajiye ina tsoron ya daskare min.

Baba Magini:
Wa'alaikumus salam. Ɗana kar ka yarda. Eh siminti da ruwa yake aiki, amma ruwan da aka auna aka kwaɓa da shi, ba wanda ya kwanta a ƙasa ba. In ka zuba a kan ruwa kwaɓin tsinkewa zai yi, bayan shekara ka ga daɓe yana marmashewa. Ni soson ma bai dame ni ba, cikon da ke ƙarƙashi nake ji. Ɗaga ledar ka taka jar ƙasar da diddige, in ta lotsa ko ka ji tana motsi kamar katifa to ba maganar kastin, sai ta sha iska an sake daddaɓe ta. Ni tunda nake gini ban taɓa sa soso a daɓe ba, kafet muka sani, amma kowa da aljihunsa. Abin da ya ba ni mamaki a ce a watan Agusta, tsakiyar marka, a Jos kuma, mutum ya shimfiɗa abu ya bar shi ya kwana ba ko tampol. Birkilan naka sauri yake ya karɓi kuɗin aikinsa.

Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗan ƙara. Soson nan iri biyu ne, akwai fari mai ƙwaya-ƙwaya wanda in ka karya shi yake warwatsewa kamar gero, akwai kuma mai santsi da ake yi masa launi shuɗi ko ruwan hoda. Na biyun kusan ba ya shan ruwa, farin kuwa yana ɗan sha a tsakanin ƙwayoyin amma kwana ɗaya a ruwa ba zai kashe shi ba. Ka kwashe su ka jingina a tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa, ka danne da wani abu don iska na ɗauke su, kwana uku zuwa huɗu sun bushe. Kar ka bar su a rana sati da sati, saman yana komawa rawaya ya riƙa gari.

Matsalar ita ce ita ledar da aka sa don ta tare laimar ƙasa yanzu ta zame maka kwano, ruwan da ya shiga tsakaninta da soso in ka rufe shi da kankare ba shi da hanyar fita sai sama, ta cikin daɓe da gindin bango. Tunda an riga an yi bango kowane ɗaki randa ne, shi ya sa aka fi son a yi jaman fulo, wato daɓen kankare na gidan gaba ɗaya, tun a difisi, wato saman fandesho inda ake tare laima, kafin a ɗora bulo. Yanzu dai a samar wa ruwan hanya ta bakin ƙofa ya fita. In za a mayar, a baza yashi mai laushi kamar inci 2 a kan cikon don kar dutse ya huda ledar, a sa leda mai kauri ba irin ta shanyar barkono ba, inda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da aƙalla inci 6 a liƙe da salatif, gefenta kuma ya hau bango ya kai difisi. A saman soson ma a ƙara leda marar kauri don kar ruwan siminti ya zurara tsakaninsu. Kuma shimfiɗa da kastin rana ɗaya za a yi su. Awannin farko ne ruwan sama ke ɓata kankare, in ya kwana ya kama to ruwan taimako ne ma, dama sai an yi kwana 7 ana ba shi ruwa, cikakken ƙarfinsa kuwa a kwana 28 ake lissafa shi.

Siminti kuma ka ɗora shi a kan katako, kar ya taɓa ƙasa ko bango, ka lulluɓe da leda.

Uwargida:
Malam ka ji maganarsu. Mu gaggawar tarewa ta sa aka sa mana tayil daɓe bai bushe ba, damina biyu kacal fentin gindin bango ya kumbura yana zuba, farar kanwa ta fito har wajen gwiwa, bayan wardirob kuwa funfuna da wari, atamfofina na lefe guda nawa na zubar Allah kaɗai ya sani. Sau uku ana sake fenti a banza. Daga baya wani ya nuna mana dabara, ka yanki leda kamar faɗin sallaya rabi ka liƙe gefenta duka a kan daɓe ta kwana, in da safe ka ga gumi a ƙarƙashi ko wajen ya yi duhu to ba a sa tayil.

Ɗan Ci-rani:
Oga ka gode Allah soso ka saya ba audugar gilashi ba, wadda ita ma ake sawa a gini don tare sanyi. Nan Ingila inda nake lebura in ruwa ya jiƙa ta ta lafe sai dai bola. Ni shawarata kuɗin kastin ɗin ka juya shi ka ɗora kwano tukuna, ko simintin ne ka sayar da rabi.

Mai Ginin Farko:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na taka kamar yadda ka ce, a falo ƙafata ta nutse har idon sawu, ɗakunan da dama-dama. Mun kwashe soson mun jingina a shagon maƙwabci, uku sun karye. Birkila ya yi fushi ya tafi wai na fi yarda da mutanen waya. Na kira kafinta gobe zai zo ya auna katako. Injiniya ledar ta huje wuri biyar, in liƙe ko sabuwa zan saya?

Injiniya:
Biyar ɗin da ka gani kenan Malam. Sayi sabuwa, tsohuwar ka rufe siminti da ita.