Masu sayen fatarmu na neman lissafin hayaƙin kabon: daga ina zan fara?

Mai Fata Katsina:

Assalamu alaikum. Shekara 19 ke nan ina sana'ar fata. Yarana suna bin kasuwannin Caranci, Mashi da Mai'aduwa suna tara fatun awaki da na tumaki, mu zuba musu gishiri a ɗakin ajiya, idan sun cika mota mu kai wa wata masana'antar jima da ke Challawa a Kano. A makon jiya manajan wurin ya aiko mini da takarda mai shafi huɗu, ya ce daga abokan cinikinsu na Italiya ta fito, waɗanda su ma suke sayar wa kamfanonin da ke ɗinka jakunkuna da takalman alfarma. Ana tambayar litar man da motarmu ke sha, da buhunan gishirin da muke amfani da su, da awannin da janareta ke yi yana aiki, har da garuruwan da dabbobin suka fito. Ya ce hayaƙin kabon ake lissafawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa janaretana da kamfanin da kuɗin jakarsa guda zai sayi garken awaki? Kuma yaya ake auna abin da ido ba ya gani?

Injiniya daga Daura:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba hayaƙin kansa ake kamawa a ɗora a sikeli ba; abin da aka ƙona ake ƙirgawa, sannan a ninka shi da wani adadi sananne. Lita guda ta dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kimanin kilo 2.3. A ce motarka ta sha lita 60 zuwa Kano da dawowa, kilo 162 ke nan, kuma idan fata 3,000 ta ɗauka, kowace fata ta tashi da giram 54. Da littafin shiga da fita da rasiɗin gidan mai za ka cike rabin takardar nan.

Dalilin da ya sa tambayar ta iso gare ka kuwa yana cikin tsarin lissafin da kusan duk manyan kamfanoni ke bi, wato GHG Protocol, wanda aka fara fitarwa a 2001. Tsarin ya kasa hayaƙi gida uku. Na farko shi ne wanda kamfani ya fitar da kansa daga injinansa da motocinsa, na biyu na wutar lantarkin da ya saya, na uku kuma duk abin da ya faru a hannun wasu saboda kayansa, tun daga makiyayi da mahauci da majemi har zuwa jirgin da ya ɗauki kayan. Kamfanin Kering na Faransa, mamallakin kamfanonin kayan alfarma na Gucci da Saint Laurent, ya fitar da irin wannan lissafi na dukan harkokinsa a 2015, sai ya tarar cewa shagunansa da ofisoshinsa ɗan ƙaramin kaso ne, mafi yawan nauyin yana can wajen samar da ɗanyen kaya, fata kuma tana sahun gaba. To wanda ya yi alkawarin rage hayaƙi alhali yawancinsa ba a harabarsa yake ba, dole ya bi sawu har inda kayan suka faro, kuma a wannan karon sawun ya biyo ta ɗakin ajiyarka.

Malamar Kimiyya:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara cewa giram 54 ɗin nan ba shi ne babban abin ba, dabbar ce. Akuya da tunkiya da saniya duk masu tuƙa ne, kuma a cikin gyatsarsu akwai iskar mitan, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon kusan sau 28 idan aka auna a kan shekara 100. A nan ne masana suke ja-in-ja: nawa ne rabon fata daga hayaƙin dabbar da aka kiwata don nama da nono? Wasu suna rabawa bisa nauyi, wasu bisa kuɗin da kowane sashe ya kawo, majema kuma suna cewa kada a ɗora wa fata kome, tun da babu wanda ke yanka akuyarsa don fatarta. Amsar da aka zaɓa tana iya sauya sakamakon ƙwarai, don haka idan suka dawo maka da wani adadi, Alhaji, ka tambaye su da wane ma'auni suka raba.

Game da rage hayaƙin kuwa, ni ina da shakku a kan hanyar da wasu kamfanonin suka fara bi. A 2019 Gucci ta yi shelar cewa ta wanke hayaƙinta baki ɗaya, alhali yawanci kuɗi ta biya ga ayyukan kare dazuzzuka a wasu ƙasashe, kuma daga baya ta daina wannan iƙirari. Mu da muke ganin yadda ake dasa bishiyoyi da damina ana ɗaukar hoto, kafin bazara awaki sun cinye su, mun san bambancin dashe da rayuwa. Ragi na gaskiya shi ne irin sauya jirgin sama da na ruwa, domin kayan da aka ɗauka ta sama suna jawo hayaƙi ninkin-ba-ninkin, da sanya sola a masana'anta maimakon dizal.

Tsohon Majemi:

Ni ban yi zurfi a boko ba, ɗana ne yake rubuta mini, amma na yi shekara 40 hannuna cikin ruwan toka da bagaruwa. Abin da ban ga an ambata ba shi ne asara. Ka ɗaga fata ka duba ta a hasken rana, za ka ga inda wuƙar mai fiɗa ta zame ta bar rami, ko inda ƙaya ta karce bayan dabbar, ko inda gishiri bai kai ba har gashi ya fara zuba. Bayan Babbar Sallah na sha ganin an ware fata uku cikin goma an ce ba su yi ba, alhali an riga an kashe musu gishiri da mai da ladan ɗauka. Idan lissafin da Injiniya ya yi gaskiya ne, hayaƙin waɗannan ukun a kan bakwai ɗin da suka rage zai hau. Saboda haka, ɗan'uwa, ka ƙara wa mahautan da suka kawo fata marar rami ɗan wani abu a kan kowace guda, ka kuma sa a riƙa zuba gishiri a ranar yanka, kada a bari ta kwana. Wannan yana hannunka, ba ya jiran Bature.

Injiniya daga Daura:

Baba ya faɗi abin da na tsallake. Zan ƙara gargaɗi ɗaya kawai: kada ka rubuta adadin da ba ka da shaidarsa don takarda ta yi kyau, domin masu tantance masana'antun jima, irin na Leather Working Group, suna bin diddigin inda fata ta fito. Inda ba ka sani ba, ka rubuta cewa kiyasi ne. Kada kuma ka ɗauka abin na 'yan kwanaki ne. Nijeriya ma ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021, ta bakin shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba.

Mai Fata Katsina:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na sa yaro ya tattaro rasiɗan mai na wata shida, kuma daga kasuwa mai zuwa za mu fara rubuta garin da kowane ɗauri ya fito, ko da yake fatun Mai'aduwa za su ba mu wahala, tun da dabbobi da yawa daga Nijar ake shigo da su. Na kira manajan na tambaye shi ko masu sayen za su ƙara farashi ga wanda ya cike takardar, ko su taimaka da kuɗin sola, tun da su ne masu alkawarin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai tura musu tambayar. Idan amsa ta zo zan sanar da ku.