Ƙanwata ta gudo da ɗiya huɗu, sunanta ya tsaya ga listar ƙauye: ina ake bi?

Maman Biyar (Tawa):

Salama alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Dan Allah ku yi haƙuri da ni, maganar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya tana wajena nan Tawa wata bakwai ke nan, ita da ɗiyanta huɗu. Ƙauyensu can yamma ne wajen iyakar Mali. Mijinta ya tafi bida Libiya shekara biyu, wani lokaci ya aiko wani lokaci shiru. Masu babura sunka zo sunka ce a ba da zakkar bisashe, anka ba su, ba a yi wata biyu ba sunka komo, daga nan kowa ya kama gabanshi. Bayan motar kaya sunka iso mana da tabarma biyu da tukunya ɗaya, autan ko takalmi babu ga ƙafarshi.

To can gida tana cikin listar wani proje da ke ba mata kuɗi duk wata. Ba wani abu ne mai yawa ba amma wallahi da shi take sayen hatsi ƴan tiyoyi da sabulu, har akuya ta saya. Tun da ta zo nan ko dala ba ta sake gani ba. Mun tafi tambaya ni da ita, munka yi zaman jira tun safe har azahar, wani yaro mai kirki dai ya duba cikin na'ura ya ce ga sunanta nan amma sunan na listar garinsu ne, nan kuwa ba garinsu ba ne. Na ce mishi ɗana, garin ai babu kowa cikinshi sai kurciya. Ya ce shi ma ya sani Hajiya, amma haka tsarin yake.

Yanzu mu 12 ne kan tukunya guda, maigida kabu-kabu yake yi. Biyu cikin yaran ba su taɓa samun takardar haihuwa ba, na sauran biyun an baro su cikin akwati. Abin da nike son sani, wai wannan taimako na gari ne ko na yaro? In yaro ya gudu don tsira da rai shi ke nan ya fita lissafi? Sauran ƙasashen da ake yaƙi ya suke yi da nasu?

Tsohon anketer (Yamai):

Wa alaikumus salam yaya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Ba ki faɗi sunan projen ba kuma ba sai kin faɗa ba, kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Na yi aikin ƙidayar gidaje shekaru, bari in gaya miki yadda ake haɗa listar nan.

Ana fara zaɓen gari ne kafin a zaɓi mutum. A duba jiha, a duba komin (ƙaramar hukuma), sannan ƙauyuka, a wasu wuraren har ƙuri'a ake jefawa gaban hakimai don kuɗin ba su isa kowa. Sai mu shiga gida gida da tambayoyi, rufin ɗakin na laka ne ko kwano, awaki nawa, akwai amalanke, mutum nawa ke cin tukunya, na'ura ta ba kowane gida maki, a ja layi. Wanda ke ƙasan layi ya shiga. Babban shirin gwamnati na tallafin kuɗi da Bankin Duniya ya fara zuba ma kuɗi a 2011 jikka 10 (sefa dubu 10) yake ba gida duk wata har wata 24, galibi a hannun mace, baya da aka shiga zango na biyu, Wadata Talaka, aka kai jikka 15. Tsarin ya yi aiki gaskiya, amma an gina shi ne don talakan da ke zaune wuri ɗaya, wanda fari ya ci gonarsa amma gidansa na nan. Ba a yi shi da tunanin ranar da gari duka zai tashi cikin dare ba. Ki tuna abin da ya faru wajen Tiliya a Maris 2021, an kashe mutum 137 a rana guda, da yara ciki. Wa zai tsaya neman kati a irin wannan rana?

Da mutum ya yi gudun hijira sai ya faɗa hannun wata lista daban, ta masu agajin gaggawa, ita kuma ƴan watanni ce. Kuma wanda ya sauka gidan dangi kamar ƙanwarki shi ya fi saurin ɓacewa, don ba ya cikin sansani, ba wanda ya ƙirga shi, kun rufa mata asiri sai rufin asirin ya ɓoye ta. Ana ta aikin haɗa rajista guda ta ƙasa baki ɗaya don sunan mutum ya bi shi duk inda ya je, can ne gyaran yake.

Kin tambayi wasu ƙasashe. A Yaman da yaƙi ya tsananta a 2015 asusun gwamnati mai ba talakawa kuɗi ya tsaya cak. A 2017 UNICEF ta ɗauki tsohuwar listar asusun da kuɗin Bankin Duniya ta ci gaba da biyan gidaje wajen miliyan 1 da rabi, ba ta ƙirƙiro sabon abu ba. Aibinsa listar tsohuwa ce, wanda yaƙin ne ya talauta shi ba ya ciki. Somaliya kuma suna da Baxnaano, dala 20 ta Amurka a wata ga uwa mai yaro ƙasa da shekara 5, ta salula ake turawa, ke nan ko ta tashi daga gari kuɗin na cikin zanenta. Abin dariya a nan Tawa taku aka gwada irin wannan tun 2010 lokacin yunwa, da Zap na kamfanin Zain, kuma binciken da aka yi ya nuna matan da aka tura ma ta salula yaransu sun fi cin abinci iri iri, don ba su ɓata yini suna tafiya da jiran layi.

Abin yi yanzu, ku je meri (ofishin magajin gari) a rubuta ta cikin waɗanda suka yi gudun hijira, ku tafi da mai unguwa ya shaida. Kada ku ce kunya.

Anfirmiya ce ni:

Yaya kafin maganar lista, autan nan shekararsa nawa? In bai kai 5 ba ki kai shi likita gobe goben nan, ko ba ya ciwo. Tun 2006 doka ta ce yaro ƙasa da shekara 5 ba ya biyan kuɗin gani, kuma ba a ce sai ɗan gari ba. Na san me za ki ce, za a rubuto odonas a ce babu maganin ki sayo waje. Haka ne sau da yawa, mu ma abin na ci mana rai, don mu yi aikin kyauta sannan a jira a maido ma likita kuɗinta, in sun yi jinkiri kantin magani ya bushe. Amma awo da riga-kafi ba sa wucewa.

Akwai wani ɗan zare mai launi da muke ɗaura ma yaro a damtse. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, nan take za a sa shi cikin masu karɓar biskit ɗin gyaɗa, wanda ma a Yamai ake yin irinsa. Kuma ga abin da nake gani kullum: uwa ta karɓi na sati guda don yaro ɗaya, ta koma gida yara huɗu na kallonta, ya za ta yi? Sai ta raba. Sati ya zagayo mu auna mu ga bai motsa ba, wata sabuwar ma'aikaciya ta hau ta da faɗa. Ni na daina faɗan. Magani ba ya kama yaron da gidansu ba a ɗora tukunya. Shi ya sa nake cewa kuɗin nan da ake ba uwa duk wata rabin aikinmu ne. Ki duba musu ƙyanda kuma, yaran da suka taho daga daji yawanci allurarsu ba ta cika ba, in damana ta faɗi kuma kada ki bari maganin riga-kafin zazzaɓin sauro da ake rabawa gida gida ya wuce su.

Alhaji Mai Albasa:

Ni dai ku gahwarce ni, ban yarda da wagga al'ada ta raba kuɗi ba. Da can wa ka jiran proje? Maraya na dangi ne, baƙo na gari ne, in an yi girbi a hidda zakka a ba mabuƙaci. Yanzu kowa ya zauna shina jiran a rubuta sunanshi. Na ga da idona, ranar da anka biya matan gari kuɗi, da marece maza na teburin mai shayi da mai tsire. Wani ma amarya ya ƙara. Kuma kuɗin na baƙi ne, ran da sunka yi hushi sai su ɗauke abinsu. Ita wagga baiwar Allah da ta riƙe ƙanwarta ai ta yi abin da ya dace, hakanan munka gada.

Mushe mai ritaya (Tawa):

Alhaji rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ka yi mata kwalliya. Zumuncin da kake faɗi shi ne ke riƙe da ƙasar nan har gobe, ba wanda ya musa. Amma zumunci na aiki ne in masifa ta faɗa ma gida ɗaya sauran na tsaye. Yanzu mai ba da zakkar da mai karɓa mota ɗaya suka shigo. Wa zai ara ma wani akuyar habbanaye bayan an kore garken duka? Ɗan kabu-kabu da baki 12, wata nawa kake ganin zai kai kafin a fara cewa babbar yarinyar ta isa aure, ko a tura namijin da kwano? Ƙasar da mata 3 cikin 4 ake musu aure kafin shekara 18, ba duka ne don al'ada ba, wani rage bakin ci ne. Kuma ka tuna Oktoban 2013, mutum 92 da ƙishirwa ta kashe arewa da Arlit kan hanyar Aljeriya, 52 yara ne. Su ma dangi gare su.

Na koyar shekara 31, mafi yawa a ƙauye. Lakwal ɗin da ke da kantin, inda ake dafa ma yara ko da shinkafa da wake ne, ba na kiran suna da safe, aji cike yake. Shekarar da buhu bai zo ba, daga watan huɗu sai benci. Yau kuwa ɗaruruwan lakwal ne rufe saboda rashin tsaro, mafi yawa a Tilaberi, mu ma muna da namu, kuma ranar da aka rufe lakwal ba karatu kaɗai yaro ya rasa ba, har da kwanon rana.

Inda na bi ka shi ne kuɗin baƙi. Ba siyasa nake ba, amma kowa ya gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe iyakoki masu ba da kuɗi suka dakata, shinkafa ta hau, yaron da bai san sunan kowa a gwamnati ba shi ya fara ji a cikinsa. Maganin wannan a sa abin yara cikin kasafin ƙasa, ko kaɗan ne, a riƙa biya kan lokaci, na waje ya zama ƙari. Senegal a 2013 ta fara ba gidajen talakawa jikka 25 duk wata uku, kuma mafi yawa daga aljihunta. A ƙasashe matalauta irin namu ko yaro 1 cikin 10 ba ya samun wani kuɗin tallafi. A nan wanda ubansa ke da albashi shi ke da kuɗin ɗiya, ɗan manomi sai Allah.

Maganar mai tsire kuwa Alhaji, akwai su, amma na fi ganin matan da suka zuba kuɗin a asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a Maradi tun 1991, suka fito da tunkiya.

Ɗiyata Maman Biyar, ki kai yaran lakwal ko ba takarda, darakta ya rubuta su, takardar ta biyo baya. Wanda lokacin shelar haihuwarsa ya wuce sai ta hannun alƙali, da shaidu biyu, kuma akan fito da alƙalai zaman fili a yi ma yara da yawa lokaci guda, ki sa kunne a meri. Kada ki bari sai sun kai ajin jarrabawa.

Alhaji Mai Albasa:

Malam na ji. Amma in gwamnati ce za ta raba, to a kahwa listar bakin masallaci kowa shi gani, don mun san yadda ɗan uwan hakimi ka zama talaka ranar rubutu.

Maman Biyar (Tawa):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba mushe mun je lakwal ɗin unguwa jiya, an karɓi biyu, babbar ce ta ƙiya wai ta girma ma aji uku, ina lallashinta. Autan shekara biyu da rabi, mun kai shi, zaren bai kai ja ba amma ya tsaya ga ruwan ɗorawa, an ce mu komo bayan sati biyu. Meri kuma an rubuta sunanta cikin wani babban littafi anka ce a jira. Lambar salular da ke cikin tsohuwar listar ta mijinta ce, tana Libiya tare da shi, to ko an turo wani abu can za shi. Ɗan uwa anketer, ana iya canza lambar daga nan ko sai an koma inda anka rubuta ta?